Lambar da Alwala Ta Wanke

'Yata ta fari ba na faɗin sunanta. Haka na taso na ga ana yi a gidanmu a Kano: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a lallashinsa a gaban mutane, ba a yaba shi ko da ya ɗauko dutse da ka. Ni ma 'yar fari ce, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Amma ban rasa komai ba, don ina da kaka, ina da gwaggwanni huɗu, kowacce tana ja na ɗakinta. Abin da ban yi tunani ba shi ne a Laurel babu kaka, babu gwaggo. Na ɗauko kunyar na kawo ta Amurka, na baro masu cike gurbinta a gida. Shekara goma sha takwas yarinyar nan tana amsa "ke" da "yarinyar nan", ni kuma ina ganin tarbiyya nake yi.

Tun tana 'yar sha huɗu ta kamu da son wasu makaɗa mata huɗu 'yan Japan, masu kiɗan nan na rok mai ƙarfi. Ranar da na fara jiyo shi daga ɗakinta na ɗauka injin wanki ne ya lalace. Jita tana kuka, ganguna kamar ana sakin buhunan goro daga saman mota, wata tana rera waƙa da harshen da babu mai jinsa a gidan. Na ce mata, "Ke, Hausar da aka haife ki da ita ma da Turanci kike amsa ta, sai ta Japan ce za ki haddace?" Ta yi dariya ta rufe ƙofa. Lokacin tana yi min dariya.

Abin ya lalace ne a watan Fabrairu na shekararta ta ƙarshe a sakandare. Wata Hajiya daga Mitchellville, matar likita, ta kawo min ziyara, ta nemi wajen salla, na kai ta ɗakin yarinyar don ya fi tsafta. Ta tsaya tana kallon babban hoton matan nan huɗu a bango, baƙaƙen kaya, gashi ya rufe fuska. Ba ta ce komai ba sai, "Ikon Allah. Allah ya shirya mana zuri'a." Wannan addu'ar ta fi zagi ciwo. Tana fita na yage hoton, na dunƙule shi na cusa a kwandon shara. Sai daga baya na san cewa makaɗan da kansu suka sa hannu a jikinsa, kuma wata shida yarinyar tana jiran ya iso.

Da ta dawo daga makaranta ba ta yi kuka ba, ba ta yi min rashin kunya ba. Da ma ta yi, da na san abin yi, don faɗa ba baƙona ba ne. Ta dubi bangon, ta dube ni, ta ce da Turanci, "Babu komai, Mama." Daga ranar ta koma baƙuwa mai ladabi a gidana. To, Mama. A'a, Mama. Na gode, Mama. Ta zaɓi jami'a a can yammacin ƙasar, inda sai ka yini a jirgin sama, alhali ga wasu nan a bakin ƙofa sun ɗauke ta. A watan Agusta za ta tafi. Na san in ta tafi a haka, jikinta ne kawai zai riƙa zuwa hutu, kuma abin ya hana ni sukuni.

Babanta ne ya tsegunta min cewa matan nan za su zo Washington a ƙarshen watan Mayu, kuma ta sayi tikiti. Sai dai wajen tsayuwa ake yi, wanda ya riga zuwa shi ne a gaba, ita kuma ranar tana da jarrabawar ƙarshe da gwajin bikin yaye ɗalibai, ba za ta iso ba sai dab da buɗe ƙofa. Gajarta kuwa tawa ta ɗauko. In ta tsaya a baya, ƙeyar mutane za ta biya kuɗi ta kalla.

Na same ta a kicin na ce, "Ke, ni zan je in kama miki layi."

Ta ci gaba da wanke kofi. "Tun asuba ake zuwa, Mama. Ba za ki iya ba."

"Ni da na yi layin kalanzir a Kano? Na yi na biza kwana uku?"

"Ba sai kin wahalar da kanki ba."

"Ban tambaye ki ba. Faɗa miki nake yi."

Na sa babanta ya saya min nawa tikitin, na karɓi hutun kwana ɗaya a gidan kula da tsofaffin da nake aiki, na soya cincin, na cika kwalabe biyu da zoɓo. Jirgin ƙasa na farko na bi. Gari bai gama wayewa ba na iso, ina tsammanin ni ce ta ɗaya, sai na tarar da mutum goma sha uku a jikin bango, wasu a kan kujerun naɗi, wasu a kwance a kan kwali. Duk suka ɗago suna kallon mace mai atamfa da mayafi da kwandon abinci. Wani ya ce min, cikin ladabi, ofishin gwamnati yana can gaba.

Wata Baturiya mai shuɗin gashi, wadda ita ce ta ɗaya, ta zo da alƙalamin maka, irin mai kaurin baki da baƙar tawada. Ta yi min bayanin al'adarsu: ba masu wajen ne ke tsara layin ba, masoyan ne da kansu. Duk wanda ya zo a rubuta masa lambarsa a hannu, don ya samu damar zuwa cin abinci ko kewayawa ba tare da ya rasa wurinsa ba. Babu littafi, babu takarda, hannunka ne shaidarka. Da ƙarfe uku masu gadi za su fito su ɗaura wa kowa ɗamarar roba a wuyan hannu bisa lambarsa. Na nuna mata tikiti biyu, nawa da hoton na yarinyar da babanta ya turo min a waya. Ta kama bayan hannuna ta rubuta, baƙi a kan baƙi, babu abin da ya fito. Fuskarta ta yi ja kamar ita ta yi laifin. Na juya mata tafin hannun na ce, "Ga allon nan, 'yar nan, rubuta." Ta rubuta sha huɗu da sha biyar.

Ni ban iya zama kusa da mutum ban gaishe shi ba, kuma gaisuwata ba ta da gajarta. Wannan halin na daga cikin abin da yake ba 'yata kunya a kanti. Mai lamba sha uku wani tsoho ne Bajapane, direban jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, yana bin matan nan duk ƙasar da suka je. Turancinsa bai fi nawa Japananci da yawa ba, amma da hannu da waya sai da na ji matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a wani gari, kuma cikinsa ba ya karɓar abincin Amurka, sai wata miyar taliya da ya gano a wani shago bayan titi biyu. Mai lamba sha shida baƙar fata ce daga Baltimore, tana tuƙa motar 'yan makaranta, tana da jikoki uku da ciwon gwiwa. Na faɗa mata man zafin da muke shafa wa tsofaffinmu. Ta ce in rana ta take za ta koma motarta a hawa na uku na gidan ajiye motoci ta miƙe ƙafa. Kafin hantsi cincin ya ƙare.

Na tambaye su abin da na zo da shi a raina. Na ce, "Don Allah me kuke ji a wannan hayaniyar? Ke kina da jikoki, shi kuma ga furfura."

Mai motar makarantar ta yi dariya har sai da ta dafe gwiwa. Ta ce kiɗan dai ba a bayaninsa, sai ya doki ƙirjinka. Amma ta ba ni labarinsu, tsohon yana gyaɗa kai yana nuna hotuna a waya. Sun fara ne suna 'yan mata, suna kiɗa a ƙananan ɗakunan ƙarƙashin ƙasa, wani lokacin masu kallo ba su kai su yawa ba. Da rana, ɗaya tana sayar da abinci, ɗaya tana aikin shago, da yamma su ɗauki kayansu a ka su shiga jirgin ƙasa. An ce musu mata ba sa irin wannan kiɗan, an ce su sassauta, su sa kaya masu kyalli su yi rawa. Suka ƙi. Shekara da shekaru ana yi musu kallon masu taurin kai, har mutanen waje suka fara jin su, sannan na gida suka waiwayo. Tsohon yana cikin 'yan tsirarun da ke zuwa tun zamanin ɗakunan ƙasa. Ya nuna min wani hoto: su huɗu a dandamali, shi da wasu mutum biyu a ƙasa.

Sai ta faɗi abin da ya tsaya min. A daidai lokacin da suka fara samun suna, mai ganguna ta haihu, jaririn ya zo da rashin lafiya, dole ta ajiye sanda. Kamfaninsu ya kawo musu wata gwana ya ce su ci gaba. Suka ce a'a, kujerar tana da mai ita. Suka zauna ba wasa, suka koma ayyukansu na da, har ta dawo. "Kin ga," in ji ta, "ni a rayuwata babu wanda ya taɓa riƙe min wuri. Shi ya sa nake tsayawa a rana saboda su." Hoton da na dunƙule shi nake gani, da fuskokin da ban ko tsaya na duba ba.

Da azahar ta yi, layin ya watse, rana ta kori kowa. Na shiga wani shagon shayi na nemi bayan gida don in yi alwala. A nan ne hannuna ya ci amanata. A wajen aikinmu, in na auna jinin tsoho babu takarda kusa, a tafin hannu nake rubutawa, in na koma tebur in kwafe. Kullum kafin azahar sai na zuba sanitaiza na goge rubutun tas, don kada tawada ta hana ruwa taɓa fata. Shekaru ina yin haka, har ba na sanin na yi. Ranar ma hankalina yana kan mai ganguna da jaririnta, hannuna ya ga lambobi, ya shiga jaka, ya yi aikinsa. Na fita na shimfiɗa sallaya a gindin wata bishiya, na yi salla a natse. Na ɗaga hannu zan roƙi Allah ya karkato min da zuciyar 'yata, sai na ga tafin fes, kamar na jariri.

Ban ƙarasa addu'ar ba, Allah ya yafe min. Na naɗe sallaya na koma da sauri. Mai shuɗin gashi ta tafi masaukinta ta huta, ta bar makar a hannun mai lamba biyu, wani dogo mai jan gemu wanda bai kula da zuwana da safe ba. Layin kuwa ya zagaye ginin ya ɓace. Na yi masa bayani. Ya dubi hannuna ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, amma a garin da suka baro wasu sun yi musu irin wannan dabarar, saboda haka babu lamba, babu wuri.

Na ji wuta ta taso min tun daga tafin ƙafa. Na ce, "Dube ni da kyau. Na yi maka kama da wadda za ta yi ƙarya don ta ji wannan ƙarar?" Wasu suka yi dariya, shi bai yi ba. Akwai biro a jakata, kuma shaiɗan ya raɗa min cewa in zagaya bayan gini in rubuta abina, ai haƙƙina ne. Amma yanzu na sallame salla, kuma ba na so in miƙa wa yarinyar nan wurin da na samu da ha'inci, ko da na gaskiya ne. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na haɗiye fushin na ce, "To, mene ne zai gamsar da kai?"

Ya yi tunani. "Kawo min sha uku da sha shida, su ce ke ce a tsakaninsu. Amma kafin uku. In masu gadi suka fito, su ba sa sauraron labari."

Ƙarfe biyu da kwata a lokacin. Da alama ya ɗauka ya sallame ni ke nan, don wa zai nemo baƙi biyu a tsakiyar Washington? Bai san na riga na san ciwon kowa da abin da cikinsa yake karɓa ba.

Na fara da shagon taliya. Bayan titi biyu, in ji tsohon, amma bai ce ta wane gefe ba. Na bi hagu, babu. Na dawo na bi dama, takalmina ya fara cin diddige, na cire shi na riƙe a hannu, kwalta tana gasa min ƙafa. A shago na uku na hango furfurarsa ta gilashi. Na shiga na buɗe masa tafin hannuna. Ya duba, ya duba fuskata, bai nemi bayani ba. Ya ajiye tsinkayen cin abincinsa, ya bar miyar da ya tsallaka titi biyu dominta, ya biyo ni. Daga nan muka nufi gidan ajiye motoci. Lif ɗin ya ƙi zuwa, muka hau matakala, ni da tsoho muna haki kamar awakin da aka koro. Ban san kalar motarta ba. Na bi layi ina leƙa kowace taga, har na ga ƙafa a miƙe a kan kujera. Na ƙwanƙwasa. Ta farka a firgice, ta ji abin da ya faru, ta ce wata kalma da ba zan rubuta ba, ta jawo sandarta.

Saura minti biyar muka iso, tana ɗingishi, tana dafe da kafaɗata. Ba su yi dogon zance ba. Tsohon ya tsaya a damana ya miƙa hannunsa, ita ta tsaya a haguna ta miƙa nata, ni a tsakiya da tafi babu komai. Mai jan gemu ya dubi sha uku, ya dubi sha shida, ya dubi ƙafata babu takalmi. Ya cire murfin makar da haƙori ya rubuta, har da ja musu layi a ƙasa. Ya ce, "Yaushe ne sallarki ta gaba?" Na ce wajen biyar. Ya ce, "Kafin nan an ɗaura miki roba. Ita ba ta wankuwa."

Saura abu ɗaya, yarinyar. Wayata ta mutu tun wajen huɗu. Biyar da rabi ta wuce, masu gadi suka jera mu, suka ce in an buɗe ƙofa babu jiran kowa, wanda bai zo ba ya bi baya. Shida saura kaɗan na hango ta a tsallaken titi, da jakar makaranta, tana duba wayarta. Ba gaban layin take kallo ba. Ta juya ta nufi can ƙarshensa, inda ta tabbata za ta same ni, in ma na zo. Wannan ya fi komai yi min ciwo a ranar.

Na ɗaga hannu, ba ta gani ba. Na ce, "Ke!" Titi cike da motoci da ɗaruruwan mutane, wace ce ke? Na ce, "Yarinyar nan!" Ko mai motar makarantar da ke gefena ba ta san da wa nake ba. An fara zare sarƙar ƙofa. Matar ta ce min, "Baiwar Allah, kira sunanta mana!"

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na cika ƙirjina na kira shi, da muryar da nake kiran tsofaffin da kunnensu ya mutu. Sunan mahaifiyata ne, ni na roƙi babanta ya sa mata, kuma tun ranar suna bai sake bi ta bakina ba. Ya fito da nauyi, kamar ba nawa ba. Na sake kira.

Ta tsaya cak a tsakiyar hanya. Ta juyo a hankali, tana neman wanda ya yi kiran, don ba ta san sunanta da muryata ba. Da ta gan ni, ta tsallako da gudu. Na kama hannunta na ɗaura mata robar da masu gadi suka ba ni dominta, ina ta faɗa don kada in yi kuka: ina ta tsaya, me ya hana ta fitowa da wuri, dubi yadda ta yi gumi. Ba ta ji ko ɗaya ba. Ta buɗe tafin hannuna tana kallon lambobin, ta dubi diddigena da ya fashe.

Layi ya motsa. Muka shiga har jikin ƙarfen gaba, inda in ka miƙa hannu za ka taɓa dandamalin. Matan suka fito suka sunkuya mana har ƙasa, sannan suka saki abin da ya sa na ji haƙorana suna rawa. Har yau ban ce kiɗan yana min daɗi ba. Mai gangunan kawai na kalla, 'yar ƙarama da ita, tana duka kamar mai bin bashin shekarun da ta zauna, tana dariya.

Amma kafin su fito, muna tsaye ana gyara fitilu, yarinyar ta matso har kafaɗarta ta taɓa tawa. Ba ta dube ni ba. Da Hausarta mai tsami, wadda rabon da in ji ta tun tana firamare, ta ce, "Mama, sake faɗa."

Na ce, "In sake faɗin me?"

Ta ce, "Ban ji sosai ba. Akwai motoci."

Na duba hagu da dama, kamar wata gwaggo za ta ɓullo daga cikin Turawan nan ta kama baki. Babu kowa sai tsohon yana goge tabarau. Na matso da bakina kusa da kunnenta na sake faɗa.